Jirgin da Baba Ya Bari a Bayan Gida

Daga Allah muka zo, kuma komai nisan inda muka yada zango, gare Shi za mu koma. Surukina, mahaifin maigidana, wanda kowa a gidanmu yake ce wa Baba, ya rasu da safe bayan ya idar da sallar asuba, a ɗakinsa da ke gidanmu na McLeansville, gabas da Greensboro a Amurka. Bai yi jinya ba. Mama, matarsa, ta kai masa shayi ta same shi a jingine da gado, carbi a cinyarsa. Washegari bayan azahar aka kai shi makwancinsa.

Jama'a ta zo, masha Allah. Mutanensa 'yan zangon Ghana su suka fara cika gidan da kulolin waakye, wato shinkafa da wake irin nasu, 'yan'uwana 'yan Arewa suka biyo baya da tuwo da miyar kuka. Motoci suka yi layi har bakin gonar maƙwabci. Mata a falo, maza a kan kujerun roba a fili. Duk wanda ya buɗe baki alheri yake faɗa: ba ya fashin jam'i, ba ya cin naman mutane, in ya ari abu yakan mayar da shi ya fi yadda ya karɓa. Duk gaskiya ne. Amma na lura da wani abu. Duk wanda ya gama yabon sai idonsa ya zame ta taga zuwa bayan gida, inda jirgin ruwan da Baba yake ginawa yake tsaye a kan turaku cikin ciyawa, sai ka ga bakinsa yana neman yin murmushi.

Wata Anti 'yar Kumasi, wadda ba ta iya riƙe magana ko a gidan mutuwa, ta ce, "Allah sarki Baba. Shekara da shekaru yana jiran ruwan ɗufana, ya tafi ko yayyafi bai gani ba." Mata suka cusa baki a mayafi. Alhaji kuwa, abokin Baba tun suna yara a zangon Sekondi, wani garin bakin teku a Ghana, kuka yake yi a fili, hawaye na bin gemunsa, bai damu da wanda yake kallonsa ba. Ƙanin maigidana, wanda yake zaune a Pleasant Garden, yana ta kai da kawo da waya a kunne.

Da yamma, bayan an dawo daga maƙabarta, sai ga maƙwabcinmu, wani tsohon Bature manomi, ya tako da ƙafa, hularsa a hannu. Bai shiga cikin jama'a ba. Ya zaga bayan gida ya daɗe a tsaye gaban jirgin, sannan ya leƙa rumfar da Baba yake ajiye katako. Na fito zubar da shara ke nan ya gan ni. Ya yi mini ta'aziyya da Turancinsa mai ja, sannan ya tambaye ni ina dogayen katakon nan guda biyu, na bishiyarsa. Na sunkuyar da kai na ce masa zan tambaya.

Ba sai na tambaya ba. Katakon suna maƙabarta, an yanka su gunduwa-gunduwa an jera a kan Baba. Su ne biyun ƙarshe da suka rage jirgin ya cika, kuma a kan idona aka yanka su. Kunyar wannan ce ta zaunar da ni rubutu, ita da tsoron kada abin da zai rage na Baba a bakin mutane ya zama barkwancin Anti kawai.

Baba ɗan malami ne. Mahaifinsa yana da makarantar allo a zango, kuma a lokacin babu abin kunya ga gidan malam irin a ce ɗansa yana yawo a bakin teku cikin masuntan ƙabilar Fanti. Shi kuwa can zuciyarsa take. An yi duka, an yi addu'a, an yi rubutun sha, bai daina ba. Ya fara da miƙa wa masassaƙa gizago, ya kai ga fita teku da su a manyan kwalekwale, tun kafin inji ya zo, lokacin da iska ce kaɗai take tura jirgi da ƙyallen da ake ɗinkawa da buhunan fulawa. Daga baya ya koyi gina jirgi da katako a wani wurin aiki da ke bakin tashar jiragen. Da inji ya shigo, aka naɗe ƙyallayen aka jefa su bayan ɗaki. Baba bai taɓa yafe wa inji ba. Ko injin yankan ciyawa aka tayar sai ya ɗaure fuska ya ce, "Ga maƙaryacin nan ya tashi."

Da ɗansa, wato maigidana, ya kawo su Amurka shi da Mama, ya yi aiki a wani kamfanin kujeru wajen High Point har ƙarfinsa ya fara raguwa. Sai wata guguwa ta kayar da wata ƙatuwar bishiya a gonar maƙwabcin nan, irin wadda Turawa suke ce wa oak. Baba ya je ya tsaya a kanta, hannu a baya, yau ya je gobe ya koma, har Baturen ya gaji ya fito ya tambaye shi abin da yake so. Ba su da yaren kirki a tsakaninsu, amma sun fahimci juna. Aka tsaga bishiyar a bin tsawonta, Baba ya jera katakon a rumfa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya bar su suna bushewa a inuwa. Daga nan ya shimfiɗa ƙashin bayan jirgi a kan ciyawarmu, a garin da sai ka yi tafiyar rabin yini a mota kafin ka ga teku.

Ni Bakanuwa ce. Ruwan da na sani shi ne na famfo, in ya ga dama ya zo. Na shigo gidan nan da tarbiyyar da uwata ta yi mini, wato suruki ba a haɗa ido da shi, ba a kiran sunansa, ba a zama inda yake zaune. Na zaci a Amurka abin zai yi sauƙi, sai na tarar Baba ya fi ni kunya. In muka yi kaciɓis a ƙofa, ni na durƙusa ina gaida ƙasa, shi ya juya yana amsa wa bango. Mama takan yi mana dariya ta ce, "Ku biyun nan, wata rana sai kun kashe juna da ladabi."

To amma gina jirgi ba aikin mutum ɗaya ba ne. Katako doguwa ce, in kana lanƙwasa wannan kai sai wani ya riƙe wancan. 'Ya'yansa maza suna wurin aiki, in ma suna gida ba sa leƙawa. Ni kuwa aikin yamma nake yi a asibiti, da hantsi ina kicin, kuma tagar kicin tana kallon jirgin. Wata safiya na ji Baba ya ɗaga murya yana magana da katako.

"Kai katakon nan, ka yi tsawo paa. Da Allah zai kawo mai riƙe maka wutsiya, da mun gama da kai kafin rana ta yi zafi."

Na tsaya da ludayi a hannu. Ya sake maimaitawa, ya ƙara ƙarfi. Sai na kalli tukunyata na ce, "Miyar nan, ki yi haƙuri ki jira ni, akwai katakon da yake neman taimako." Na saka mayafi na fita na kama ƙarshen katakon, ina kallon ciyawa. Da muka gama ya shafa katakon ya ce masa, "Allah ya yi wa mai riƙe ka albarka."

Haka muka zauna shekaru. Ban taɓa yin hira da Baba ba, amma babu wanda ya ji labarinsa kamar ni, don duk katako ya ba wa ina tsaye a ɗaya ƙarshen.

A wurinsa na ga cewa itace ma ana turara shi kamar dambu. Ya haɗa wani dogon akwati, ya jona masa bututu daga tukunyar ruwa da ke kan wuta, tururi ya cika ciki. Katakon zai kwanta a ciki har ya yi laushi. Lokaci-lokaci Baba zai buɗe murfin, ya shinshina, ya danna da babban yatsa, ya mayar. Can sai ka ji ya ce, "Ya nuna!" Daga nan babu wasa. A zaro shi da zafinsa, a ruga da shi, a kwantar a jikin haƙarƙarin jirgin, shi yana matsewa da ƙarafa daga gaba, ni ina turowa daga baya da tsumma a hannu, kafin ya huce ya ƙi lanƙwasuwa. A wannan ɗan lokacin kaɗai Baba yake mantawa da kunya. Har tsawa ya taɓa yi mini, ko da yake katakon ya kalla ya yi wa.

Tukunyar da yake dafa ruwan kuwa ta Mama ce, babbar da take dafa waakyen suna da na Sallah, wadda ta ɗauko tun daga Ghana. Ranar da ta neme ta ta rasa, ta same ta a bayan gida an huda murfinta an soka bututu, unguwa ta ji su. Ta yi Hausa, ta koma Fanti, ta ƙarasa da Turanci. Baba ya tsaya yana sauraro kamar wa'azi ake yi masa, da ta numfasa ya ce, "Hajiya, ai ke zan ɗauka a ciki. Tukunyarki ta riga ki shiga aikin ne kawai." Ta ce Allah ya tsare ta da shiga akwatin gawa mai iyo. Ta yi mako ba ta kai masa shayi ba, ni nake ajiyewa a bakin ƙofa. Tun daga ranar ba ta sake taka bayan gidan ba, ta rantse sai ranar da abin ya hau ruwa.

Amma maganar ɗaukarta ba wasa yake yi ba. Mama a bakin teku aka haife ta, tana jin rurinsa daga ɗakin uwarta, amma 'yar zango ba ta shiga jirgi, don haka ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba. Baba ya sha faɗa wa katako cewa kafin ya mutu sai ya fita da ita, ba inji, ba hayaƙi, ta ji yadda jirgi yake yin shiru in iska ta cika ƙyalle. Wannan shi ne dalilin jirgin gaba ɗaya. Mutane suna cewa tsufa ne ya taɓa shi, shi kuwa alkawari yake cikawa.

Ya ba katako labarin yadda suke gane hanya a inda babu hanya. Da sassafe iska daga tudu take busowa, ita take fitar da su. In rana ta karkata sai ta juyo daga teku ta mayar da su gida, saboda haka masunci mai hankali ba ya faɗa da iska, lokacinta yake jira. In ƙasa ta ɓace wa ido, sai a zauna a ji ta inda igiyar ruwa take ɗaga jirgin. Ya ce da mazaunai ake karanta teku, ba da ido ba, sannan ya tuna ina wurin ya yi tari ya nemi gafarar katakon. Ya ce launin ruwa yana canzawa in an kusa gaɓa, tsuntsaye suna nuna gida da yamma, kuma tun kafin ka hango gari za ka ji ƙamshin hayaƙin matan da suke banda kifi. In gari ya rufe gaba ɗaya, sai a jira Gamzaki, tauraron asuba.

Wannan mutumin da ya san hanya a teku, a Greensboro tsakanin gida da masallaci yake ɓata. Sau nawa ana kiran maigidana a ce ga Baba can a wani gidan mai a hanyar Burlington. An saka masa taswira mai magana da muryar mace a waya, ya ce shi ba zai bi umarnin matar da bai san iyayenta ba. Hujjarsa ita ce titunan Amurka ba su da ƙamshi, ko'ina iri ɗaya. Yana da taurin kai, kada a ce don ya mutu na ɓoye. In ya ce a'a, ko limami ya zo sai dai ya sha shayi ya koma. Kuma komai na gidan ɗaure shi yake da igiya, daga buhun shara har ragon layya, da wani ƙulli nasa da ba ya kwancewa sai ka ja bakin da ya dace. Har yau akwai buhun gawayi a gareji da muka kasa buɗewa.

Faɗan da ya fi ciwo da ɗansa ya yi shi, wato maigidana. Ranar sunan 'yarmu ta ƙarshe, maigidana ya gayyaci abokan aikinsa, har da wasu likitoci masu gidaje a Irving Park, unguwar masu kuɗi. Da safe ya sayo ƙaton tamfol shuɗi ya lulluɓe jirgin ruf, ya danne da bulo. Baba ya fito cikin babbar rigarsa ya gani.

Ya ce, "Wa ya mutu aka rufe?"

Maigidana ya ce, "Baba, for today ne kawai. Baƙi za su zo, wurin ya yi kama da junkyard, kamar bola."

Baba ya dube shi ya ce, "Ubana ya ji kunyata a gaban malamai. Ban san zan rayu har ɗana ya ji kunyata a gaban likitoci ba." Ya koma ɗaki. Ya fito ya yi wa jaririya addu'a, don ba ya haɗa fushi da hakkin yaro, amma bai ci naman sunan ba. Maigidana ya yaye tamfol ɗin da kansa washegari. Ba su sake tayar da maganar ba, kuma ba su gyara ta ba.

Alherin da ya yi mini kuwa ba zan iya biya ba. Lokacin da mahaifiyata ta rasu a Kano, takarduna ba su ba ni damar tafiya ba. Na yi makoki ta waya. Bayan 'yan gaisuwa sun watse na zama kamar ba ni ba, ba na ci, ba na magana, in na dawo daga aiki sai in shige ɗaki. Wata safiya na tarar da ƙunshin farin yadi mai kauri a kan teburin kicin, da allura ƙatuwa, da zare mai kakin zuma. Ta taga na ji Baba yana gaya wa jirgin, "Kai dai ba ka da riga. Ni idona ya mutu, ba na ganin kafar allura. An ce mutanen Kano sun iya ɗinki, ko gaskiya ne ko cika baki, oho."

Na ji haushi har na yi dariya, dariyar farko tun rasuwar. Na ɗauki yadin. Watanni ina ɗinka ƙyallen jirgin nan a ƙarƙashin bishiya, shi yana fiƙe doguwar sandar da za a ɗaura shi, kowa da abin da yake yi wa magana. Wata rana ina ɗinki ina kuka, sai na ji ya ce wa sandar, "Ni ma ina teku uwata ta rasu. Na dawo na tarar an share wurin." Babu wanda ya yi mini ta'aziyyar da ta shige ni kamar wannan.

A bana jirgin ya kusa cika. Saura layin katako na can sama, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda suke ɗaure bakin jirgin daga goshi har wutsiya. Su Baba ya fi ji da su. Tun ranar da aka tsaga bishiyar ya ware su, don su kaɗai ne suka kai tsawon jirgin babu gaɓa, babu ido, kuma ya ce a wannan wurin ba a yin haɗi, in aka yi teku zai gano. Kullum da safe sai ya shiga rumfa ya shafa su. Ya gaya musu cewa in zafi ya shigo sosai za su shiga tururi.

Safiyar da za a kai shi, maigidana yana can wurin wankan gawa. Aka aiko daga maƙabarta cewa a zo da katakon da za a jera a rufe kabarin kafin a zuba ƙasa. Ƙanin maigidana ya ɗauki makullin mota zai je kanti. Alhaji ya tsayar da shi, da kyakkyawar niyya, Allah ya sani. Ya ce, "Haba, mutumin da ya bar rumfa cike da katako za a je a sayo masa na kanti? Ku ɗauko nasa, mafi kyau a ciki." Suka shiga rumfa, suka duba, suka zaɓo mafi kyau.

Ina kicin ina zuba wa baƙi abinci na hango an fito da su an ɗora a kan benci. Na ajiye faranti na nufi ƙofar baya, har na kama mariƙin. Filin cike yake da dattawa, abokan surukina, ga limami a tsakiya. Sai na saki mariƙin. Matar ɗa, baƙuwa daga wata ƙasa, ta keta maza ranar jana'iza tana cewa kada a taɓa katako? Na san abin da za a ce kafin la'asar: ba a ma binne tsohon ba, Bakanuwa ta fara tsaron kayan gado. Na ce bari in nemi wanda zan aika. Na waiga, duk matan da ke kusa baƙi ne. Na ce bari in kira maigidana, wayar tana ɗaki. Ina cikin wannan bari-bari aka tayar da zarton lantarki. Aikin bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Na koma na ci gaba da zuba abinci, har wata ta yaba mini da juriya.

Mama ta shiga takaba. Ni nake kai mata abinci. Sai da aka yi nisa, wata rana ina tattara kwanuka, ta ce, "'Yata, zauna." Na zauna.

Ta ce, "Ranar nan na ji ƙarar zarto. Na san abin da ake yankawa. Shekara nawa yana yi mini zancensu a ɗaki har na haddace." Ta gyara mayafinta. "Ni ba ni da ƙafar fita ranar. Amma na ce a raina, 'yar Kano tana kicin, za ta fita."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce ba don ta ɗora mini laifi ta faɗa ba, kawai dai in takaba ta ƙare za ta koma Sekondi wurin 'yan'uwanta, kuma tana so kafin ta tafi ta shiga jirgin nan a kan ruwa, ko na tafki ne, don kada ta je lahira ya tambaye ta.

Na gaya wa maigidana komai a ranar. Bai yi faɗa ba. Ƙaninsa ya ce, "Yaya, let's be honest, abin nan a kira masu kwasa kawai. Wa zai tuƙa shi?" Maigidana ya ce masa ya bari tukuna. Ya shiga neman katako. Baturen ya ce bishiya irin waccan ba ta faɗuwa kullum. A ƙarshe aka samo wasu dogaye a wani wurin sayar da katako, masu kyan gani, an busar da su a tanda. Maigidana ya yi makonni yana kallon bidiyon masu gina jirgi a waya, mutumin da tsawon shekarun nan mai ginin yana bayan tagarsa.

Takaba ta ƙare, tafiyar Mama ta matso. Wata Asabar da hantsi muka hura wuta a ƙarƙashin tukunyar, muka saka katako na farko. Da tururi ya yi tururi, maigidana ya buɗe murfin ya juyo gare ni.

"Ke kika yi aiki da shi. Yaya yake gane ya nuna?"

Na ce yakan shinshina, ya danna da yatsa.

"In ya shinshina me yake ji? In ya danna me yake nema?"

Sau ɗari na ga ya yi, ina tsaye taku kaɗan daga gare shi. Ko sau ɗaya ban tambaya ba, ko ta bakin tukunya. Na ce, "Ban sani ba."

Muka bi abin da wayar ta ce. Muka zaro shi, muka ruga, ya matse goshin, ina turowa daga baya. Ya fara kwanciya kamar zai yarda, har maigidana ya ce bismillah. Da muka kai inda cikin jirgin ya fi faɗi sai ya yi ƙara ya tsage, tsagewa mai tsawo, wani ɓangaren ya daki maigidana a kafaɗa. Muka saka na biyu, muka ƙara masa lokaci. Shi ko tsakiya bai kai ba. Maigidana ya zauna a ciyawa da safar hannu a hannunsa, ya kifa kai a gwiwa. Tun da aka yi rasuwar ban ga kukansa ba sai ranar.

Sai muka ji an buɗe ƙofar baya. Mama ce, da sandarta, tana takowa a hankali saboda gwiwarta ta hagu da ta daɗe tana damunta. Ta zo ta tsaya gaban jirgin, ta dube shi daga goshi har wutsiya, ta dubi tsagaggen katakon da ke ƙasa.

Maigidana ya ce, "Mama, ki ba ni lokaci. Zan nemo wani, zan nemo wanda ya iya."

Ta ce, "Kawo mini tsani."

Muka riƙe ta ta hau, ni a dama shi a hagu. Ta tsallaka ta inda katakon ya kamata ya kasance, don wurin ya fi ƙasa. A can baya, kusa da inda matuƙi yake zama, akwai wani ɗan benci mai majingina da ban taɓa kula da shi ba, don ni kullum a waje nake tsayawa. Ta zauna. Bayanta ya shiga majinginar daidai. Ta miƙe ƙafarta ta hagu, sai diddigenta ya sauka a kan wani ɗan katako da aka kafa a ƙasan jirgin, an fafe shi, an goge shi sumul, a gefen hagu kaɗai.

Ta dubi ƙafarta. Sannan ta ce, ba da mu take ba, "Ashe mutumin nan ya auna ni."

Maigidana ya sake cewa zai gyara, ta ɗaga masa hannu. "Ku kashe wutar nan, kuna ƙona mini tukunya. Na shiga. In ya tambaye ni zan ce na shiga." Ta gyara zama ta ce mu tafi, za ta kira mu in tana son sauka.

Muka kashe wutar muka koma kicin. Ni da maigidana muka tsaya a taga, kowa ya kasa kallon ɗan'uwansa. Ba ta kira mu ba sai da aka yi la'asar.

Ya Allah, bawanka ne, ya yi sallah, ya riƙe amana, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya cika alkawari, mu muka yanke masa hanya. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba Mama haƙuri. Mu kuma da muka tsaya a bakin ƙofa, Ka yafe mana.